Sanarwa: Fitar keke ta ranar Asabar zuwa duwatsun Shere

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Asabar ɗin nan, in Allah ya kai mu, za mu haɗu a bakin madatsar ruwa ta Lamingo da ƙarfe 6:30 na safe, mu nufi duwatsun Shere. Kwalta kaɗan ce a farko, sauran duk burji ne da tsakuwa.

Sababbin shiga, a kula. Jos kanta tana kan tudun da ya kai mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura 1,800. Ba can sama za mu kai ba, amma hawan zai sa ku haki. Ku sauke giya tun kafin tudu ya kama ku, kuma ku zauna a kan sirdi, domin da zarar an miƙe tsaye tayar baya sai ta riƙa sulɓi a tsakuwa. Gangara ta fi ba ni tsoro. Kada a damƙe birkin gaba shi kaɗai, a haɗa biyun sannu a hankali. A ɗan rage iskar taya ma, ta fi kama ƙasa.

Kowa ya zo da hular kwano, ruwa, famfo da kayan faci, don babu mai faci a hanya. Rigar sanyi dole, kun san hunturun Jos.

In mun iske shanu ko manoma, a rage gudu a gaisa, kada a taka gonar kowa. Kafin azahar muna gida.

Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin daren Juma'a.