Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan ziyarar ƴan lakwal gidan kayan tarihi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Mu talakawanka, iyayen yara da wasu malaman lakwal, wato makarantar boko, na unguwannin Birni, Zango da Garin Malam, mun faɗi mun yi gaisuwa. Ba don gajen haƙuri muka kawo kuka fada ba, ranka ya daɗe. Tura ce ta kai bango.

Ranar Alhamis da ta wuce aka shirya kai yaranmu ƴan aji biyar da aji shida ganin kayan tarihi. Kowane yaro ya kawo dala hamsin kuɗin mota. A cikinmu akwai mai sayar da ƙosai da sai da ta yi kwana uku tana tara na ƴaƴanta biyu. Tun da asuba yara suka yi wanka, an wanke musu kaya tun daren Laraba, wasu don ɗoki ko koko ba su tsaya sha ba. Ƙarfe takwas suna ƙofar gidan. Ƙofa kulle. Aka ce mai makulli ya fita, yanzu zai dawo. Wannan "yanzu" ita ce ta kai su har kiran sallar azahar, cikin ranar Damagaram da Sarki ya fi mu saninta, babu rumfa, babu randa. Wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi, sai da malaminsu ya tari ɗan kabu-kabu ya kai ta gida. Da aka buɗe kuma, aka jera su kamar masu karɓar sadaka, aka ce hannu a baya, kada wanda ya taɓa komai. Ko rabin awa ba su yi ba aka fito da su. Wani yaro ya tambayi yadda ake hura zugazugin da ya gani a ajiye, aka ce ya yi shiru. Ba za mu kama sunan kowa ba, don ba mu zo a ci mutuncin wani ba. Amma abin ya yi mana ciwo.

Kuma ba yau farau ba. Mun rubuta neman takardar izinin ziyara, mun je ofis, an ce mu dawo, mun dawo an ce mai sa hannu ya yi tafiya. Bara ma haka, har kuɗin yara aka mayar musu. Mun daina ƙidaya.

Ranka ya daɗe, ƴaƴan nan suna haddace a allo cewa Sarki Tanimun ne ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa maƙeran garin nan suka zuba igwa da hannunsu. Suna haddace yaƙin Tirmini da aka yi da Faransawa a 1899, da cewa Damagaram ce babban birnin ƙasar nan daga 1911 zuwa 1926 kafin a mayar Yamai. Suna rerawa kamar karatun aku, su ci jarrabawa, su manta. Yaron da kakansa baduku ne, yau bai san bambancin fatar da aka jeme da ɗanya ba. Kullum yana wuce zanen da magina suka yi a jikin gidajen Birni, bai taɓa riƙe tubali ba. A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, masu sana'a na zaune suna aiki, yaro ya tsaya ya gani da idonsa. To wa zai kai ɗan talaka tafiyar kusan kilomita 900, alhali masu wannan aikin suna nan bayan gidansa?

Don haka muke roƙon Sarki, uban ƙasa, ya sa baki. A tsayar da rana ɗaya a mako ta ƴan lakwal, a san mai makulli yana nan. A ajiye ko randa biyu ce da inuwa. Muna roƙon Sarki ya umarci sarakunan sana'a su riƙa turo mutum ɗaya ɗaya, maƙeri da baduku da masaƙi da magini, a ware wa yara gefe guda su kwaɓa laka, su huɗa fata, su ja zare. Kayan kakanni masu daraja a bar su inda suke, mu ma ba ma son a lalata. Na koyo muke nufi. Laka da guntun fata mu iyaye za mu kawo. Idan Sarki ya yarda, a bar su su shiga zauren fada wani dattijo ya ba su labari da Hausa, don Faransanci ya ishe su a aji. Takardar izini kuwa a riƙa ba da ita sau ɗaya a shekara. Sai kuma maganar makulli, ranka ya daɗe, muna sake maimaita ta, domin uwar yarinyar nan ta rantse ƴarta ba za ta ƙara zuwa ba, kuma ba mu da bakin ba ta haƙuri.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ƙara wa Damagaram albarka.

Talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara da malaman lakwal na Birni, Zango da Garin Malam, Damagaram