Wasiƙa Daga Bronx Kan Karatun Ummi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga aminina Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa bisa shirun da na yi tun kafin azumi. Saƙonninka na murya duk sun iso, kuma na ji gorin da ka yi mini cewa Amurka ta cinye ni. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne karatun 'yarka Ummi, kuma maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na ɗauki alƙalami.

Yanzu tana aji na 11, saura mata shekara guda ta gama sakandare. Da na ɗauka sai shekarar ƙarshe ake fara maganar jami'a, kamar yadda muka saba a gida, inda yaro zai rubuta JAMB da WAEC sannan a jira abin da Allah zai yi. Ashe a nan wannan shekarar ce mai nauyi, domin ana tura takardun neman gurbi tun farkon aji na 12, wasu kafin 1 ga Nuwamba, saura kuma a farkon Janairu, don haka sakamakon aji na 11 shi ne cikakken sakamako na ƙarshe da jami'o'i za su gani. A watan Oktoba ta rubuta PSAT, wato jarrabawar share fage, a watan Maris kuma ta zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, da azumi a bakinta, a kan kwamfuta, sa'a biyu da 'yan mintuna. Ta samu 1280 cikin 1600. Ni na yi hamdala, ita kuwa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce za ta sake zama a watan Agusta. Ga jarrabawar AP guda biyu, ta darussan matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare, tana jiran ta a watan Mayu, wadda ake ba da maki daga 1 zuwa 5, ga kuma ta Regents ta jihar New York a watan Yuni. A lokacin annobar korona jami'o'i da yawa sun daina tilasta SAT, amma jami'ar MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Yale da wasu suka bi sahu a 2024, saboda haka ba mu yi sake da ita ba.

Duk wannan nata ne, kuma tana iya ƙoƙarinta. Abin da ya zo kaina shi ne wata takarda da malamar da ke ba ɗalibai shawara ta aiko wa iyaye, domin ta samu abin da za ta dogara da shi wajen rubuta wa kowane ɗalibi wasiƙar shaida. Tambayoyin suna cewa in faɗi halaye uku da suka fi bayyana 'yata, in faɗi abin da na fi alfahari da shi game da ita, in kuma ba da labarin wata wahala da ta jure. Malam, ka san yadda aka rene mu. Wannan yarinya 'yar fari ce, kuma sunan Hajiya ta ci, shekara goma sha shida ke nan ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, balle in zauna in jera yabonta a gaban baƙo. Kwana uku takardar tana cikin mota. A rana ta uku, ina layin jiran fasinja a filin jirgin LaGuardia, na ɗora ta a kan sitiyari na rubuta sunanta a layin farko, sai na ga hannuna yana rawa.

Da na samu na fara, sai abubuwa suka riƙa zuwa. Na rubuta cewa tun tana da shekara goma ita ce take raka mahaifiyarta da maƙwabtanmu mata asibiti tana yi musu tafinta, ita ce take karanta musu wasiƙun hukuma, kuma kowace Asabar da Lahadi ita ce take kai ƙannenta Islamiyya ta tsaya ta taya malama koyar da ƙananan yara. Ni a wurina wannan tarbiyya ce kawai, ban taɓa kawo wa raina cewa wata jami'a za ta damu da shi ba. Malamar ta kira ni ta ce a cikin fom ɗin Common App, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta kuma jami'o'i sama da 1,000 suke karɓa, akwai gurbi goma na ayyukan da ɗalibi yake yi bayan aji, kuma ɗawainiyar gida tana cikin abin da ake lissafawa. Akwai kuma insha'in da ɗalibi zai rubuta a kan rayuwarsa, wanda bai wuce kalma 650 ba. Ummi ta ce a kan kakarta za ta rubuta, da yadda Hajiya ta koyar da matan unguwa karatu a tsakar gida ba tare da ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Maganar kuɗi ma ta taso. Takardun harajin da nake cikewa yanzu, kafin 15 ga Afrilu, su ne za a duba idan muka cika FAFSA a kaka mai zuwa, wato fom ɗin neman tallafin gwamnati. Jihar nan tana da tallafin Excelsior da ke biyan kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati na birnin New York (CUNY) da na jihar (SUNY) ga iyalin da samunsu bai wuce dala 125,000 a shekara ba, sai dai ba ya biyan ɗakin kwana da abinci. Bashin karatu kuwa da ruwa a cikinsa, kuma na riga na gaya mata ba zan sa hannu a kansa ba.

A nan ne damuwata take. Ni da mahaifiyarta muna son Lehman College da ke nan Bronx ko City College da ke Harlem, inda za ta hau jirgin ƙasa da safe ta dawo ta yi magariba a gida. Ita kuwa zuciyarta tana jami'ar Binghamton, tafiyar fiye da sa'a uku a mota, inda sai dai ta kwana a makaranta. Ba ta yi mini gardama ba, ta dai kawo jerin jami'o'inta ta ajiye mini a gefen faranti, na ga ta rubuta Binghamton a sama ta ja layi a ƙarƙashinta. Na yarda da hankalinta da addininta, kuma ina ganin zalunci ne in bar yarinya ta yi wannan wahala sannan in tare mata hanya saboda tsoron da ke raina. Amma duk lokacin da na tuna za ta yi azumi ita kaɗai a garin da ba mu san kowa ba, sai barci ya ƙaurace mini. Na yi mata alkawarin za mu je mu ga makarantar a hutun bazara, mu nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi, mu ga inda suke sallah da abin da suke ci.

Kai ka riga ni shiga wannan hali lokacin da ka kai babbar 'yarka Jami'ar Ahmadu Bello, kuma na tuna surutun da dangi suka yi maka. Ina so ka faɗa mini gaskiya yadda ka shawo kan mahaifiyarta, da abin da ka ga ya canza a tare da yarinyar bayan zangon farko. Sannan ina roƙon ka leƙa gidanmu ka zauna da Gwaggo, ka ɗauki muryarta tana ba da labarin makarantar Hajiya: yaushe aka fara ta, mata nawa suke zuwa, kuma allunan nan suna nan ko sun salwanta. Ummi tana son ta fara rubutun da zarar an ba da hutu a ƙarshen Yuni.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, kuma ka sa Ummi a addu'a, ranar jarrabawarta ta AP tana ta matsowa.

Naka amini,
Baban Ummi