Cikin dashe ba dole sai da tiyata ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu gyara wata fahimta da ta zauna wa ma'auratan da Allah Ya ba ciki ta hanyar dashe, wato IVF, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki, sannan a sa ɗan tayin a mahaifa. Da yawa sun ɗauka irin wannan cikin sai an yi aiki ake sauka. Gaskiya ne Louise Brown, wadda aka fara haifa ta wannan hanya a Ingila a 1978, ta tiyata aka ciro ta, kuma har yau tiyata ta fi yawa a cikin masu dashe. Amma abin da ke jawo ta shi ne tagwaye, shekarun uwa, mazaunin mabiyiya da hawan jini. Sai kuma fargaba: an daɗe ana nema, an kashe dukiya, miji da dangi ba sa son jin maganar naƙuda.

Matsalar tun ranar dashe take farawa. Mata da miji kan roƙi likita ya sa ɗan tayi biyu ko uku don kada kuɗi ya tafi a banza. Mun fahimci dalilinsu, sai dai fiye da rabin tagwaye kafin mako 37 suke zuwa, da yawansu ba su kai kilo biyu da rabi ba, ga kwalbar jarirai ba kowane asibiti ke da ita ba. Ga mace mai ƙuruciya da ƙwai mai kyau, a sa ɗaya, a daskarar da sauran.

Lissafin ranar haihuwa a nan ba ya buƙatar kintace. In ɗan tayin kwana 5 aka sa, a ƙara kwana 261 a kan ranar dashe. In na kwana 3 ne, 263. Takardar da ke nuna ranar dashen, mace ta zo da ita awon farko. Tsakanin mako 18 da 22 a yi hoton ciki a ga inda mabiyiya ta zauna, domin ta fi yawan tare bakin mahaifa a cikin dashe. In ta ci gaba da tarewa har ƙarshe, tiyata ta zama dole, kuma ko ɗigon jini aka gani, asibiti za a nufa a daren. A riƙa auna hawan jini kowane zuwa. 140 bisa 90, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin ido, alama ce da ke iya kaiwa ga jijjiga. Wadda haɗarinta ya yi yawa likita kan ɗora ta a kan ƙaramin asfirin daga mako 12.

To, in ɗa ɗaya ne, kansa na ƙasa, mabiyiya na sama, jini lafiya, mace za ta iya haihuwa da kanta a asibitin da ke da ɗakin tiyata da ajiyar jini. Ko tagwaye ne, in na farko ya zo da kai, ana iya gwadawa a hannun ƙwararru. In kuwa tiyatar aka zaɓa babu larura, kada a yi ta kafin mako 39, saboda huhun jariri.

Mu da muke son 'ya'ya da yawa, mu sani kowace tiyata na barin tabo a mahaifa, kuma da ƙaruwar tabon ake samun mabiyiya ta manne ta ƙi fita, jini ya ɓalle, wani lokaci har a cire mahaifar. Wadda ke da sauran 'yan tayi a ajiye, ta gaya wa likitanta haka kafin a tsayar da hanyar haihuwa.

Wassalam.
Daga wasu ma'aikatan ɗakin haihuwa, Kano