Godiya ga ma'aikatan sashen kula da masu ciwon da ya ƙi magani

Assalamu alaikum. Ni da 'yan uwana na nan unguwar Bagalam ta Maradi muna miƙa godiya ga likita da majo da duk ma'aikatan sashen da sunka riƙe mana Baba har Allah Ya karɓi abinsa.

Ciwon daji ne. Munka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, tafiyar kilomita sama da 600, kowane zuwa ya dawo ya ƙara ramewa, abinci baya shiga, barci ya yi yawa, kwana kaɗan a gida sai a sake kwantar da shi. Likita, Allah Ya saka miki, ke kinka zaunar da mu kinka ce waɗannan alamun su ke nuna lokaci ya yi da za a bar neman kashe ciwon a koma ga rage mishi wahala. Wallahi maganar ta yi mana nauyi, don mu nan in anka ce haka sai a ga kamar an fidda rai ne ko an yada mara lafiya, amma kinka ce kulawa ce ita ma, kuma gara a fara tun yana iya magana ya faɗi abin da yake so. Gaskiyarki ce, da bakinsa ya ce gida yake so.

Shigar da shi hannun sashen ba wuya. Takardar likitan da ke bin shi, sakamakon gwaje-gwaje da odanas ɗin baya, sai zama da iyali, anka tambayi Baba da kansa ko ya yarda, sannan anka rubuta wa zai yi jinya da lambar wayarsa.

Inda na fi yaba muku shi ne maganar morfin, maganin nan mai ƙarfi na rage zafin ciwo. Tsoro muke, mun ga abin da taramol ya yi wa samari a gari, majo ya yi mana bayani cewa ana hawa ne mataki-mataki daga farasitamol, a kan awa ake ba shi ba sai zafi ya taso ba, kuma morfin yana ƙulle ciki shi ya sa ake haɗawa da mai sassautawa. Kun koya wa Inna juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, da jiƙa mishi leɓe in ya kasa sha.

Baba ya samu barci, ya yi sallarsa a kwance, ya yi wasiyya cikin hankalinsa. Allah Ya biya ku, Ya jiƙan iyayenku.