Wasiƙa zuwa ga Babana da ke ƙera manhaja a Abuja

Babana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya kuma Abuja da tsadarta? Mu nan Kano lafiya lau, sai dai hazo ya sauka da ƙarfi, mahaifiyarka ta ɗan yi tari amma ta samu sauƙi. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin a waya kai ne mai magana, ni kuwa sai dai in yi ta cewa "to, madalla" har katina ya ƙare.

Na kalli bidiyon da ka saka ranar Juma'a daga farko har ƙarshe. Bakinka ya iya bayani, wannan kam gadon gidan su mahaifiyarka ne, ba nawa ba. Na ji daɗi da na ga yara suna yi maka godiya a ƙasa. Amma da na koma baya na ƙirga, sai na ga cikin wata biyu ka yi bidiyo bakwai, kowanne a kan wani sabon kayan aiki na ƙirƙirarriyar basira da ya fito a makon. Manhajar littafin bashi da ka yi wa Kawunka alkawari tun Ƙaramar Sallah kuwa shiru. Shekaranjiya na biya ta shagonsa a Kantin Kwari, na same shi yana ta laluben wani tsohon littafi mai bango ja, yana neman shafin wani mai ɗinki da ya karɓi shadda. Bai ce mini komai a kanka ba, ka san halinsa. Ni na ji kunyar.

A lissafina manhaja huɗu ka fara: ta bashi, ta adashi, ta koya wa yara haruffa, da wata da ka ce za ta riƙa taƙaita labarai. Babu ko ɗaya da ke cikin wayar wani mutum in ba taka ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ga shi ka cika baki da huɗu.

Ban faɗi haka don na fi ka ba. Ciwon da na sani ne, domin na yi shi. Kana ƙarami lokacin da nake da shagon buga takardu da tafireta. Da kwamfuta ta shigo na saya, wannan daidai ne. Da aka kawo wayar salula a 2001, lokacin da layi ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata, sai na kafa lema a ƙofar shago ana buga waya da kuɗi. Ba a jima ba aka ce kafen intanet ne ke ci, na ciwo bashi na jera kwamfutoci goma da janareta. Duk abin da aka ce ya fito, ni ne a gaba. Da data ta shiga wayoyin mutane, kafe ya zama kango, na sayar da kwamfutocin a wulaƙance. Maƙwabcina kuwa, wanda nake yi wa kallon mai barci, bai taɓa barin buga kundin ɗalibai da ɗaure shi ba. Shi ma ya canza na'ura sau da yawa, amma aikinsa bai canza ba, ɗalibai kuma sun san ba ya ɓatar da shafi. Har yau shagonsa a buɗe yake, 'ya'yansa ne a ciki.

Kada ka ɗauka ina ƙyamar waɗannan sababbin kayan. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, sannan su Gemini da Claude suka biyo, na san kiɗa ya canza. Ni ma na gwada ɗaya daga cikinsu a wayata. Na sa ya rubuta mini takardar neman gyaran kwalbati zuwa ƙaramar hukuma, ya rubuta tsaf cikin ƙiftawar ido, aikin da a da nake cajin mutane kuɗi a kansa. Sai na ce ya ba ni karin magana a kan haƙuri. Ya kawo guda biyar, uku na gaske, biyu kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin Bahaushe ya faɗe su ba, kuma bai nuna wata alamar shakka ba. Daga nan na gane irinsa: yaron shago ne mai zafin nama, wanda ba ya iya cewa "ban sani ba". Irin wannan yaron ana aikensa, amma ba a bar masa makullin akwatin kuɗi.

Saboda haka duk kod ɗin da ya rubuta maka, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, in ba za ka iya bayyana wa kanka abin da kowane layi yake yi ba, kada ka saka shi a manhajar da ke lissafa kuɗin mutane. Ranar da ta nuna wa Kawunka cewa yana bin wani dubu ɗari uku alhali dubu talatin ne, ba na'ura za a kira gaban dattawan kasuwa ba, ɗan wane za a ce. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sai maganar kuɗin rajista. Ka ce mini kana biyan uku daga cikinsu kowane wata, kowanne wajen dala 20. Ka lissafa da naira, ka tuna cewa kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai 500 ba, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Kai da naira kake samu, da dala kake kashewa. Ka zaɓi ɗaya da ka fi sabawa da shi, ka san ƙarfinsa da rauninsa kamar yadda direba yake sanin motarsa, sauran ka riƙa jin labarinsu daga nesa. Wanda ya yi kyau da gaske ba zai ɓace cikin wata shida ba, za ka same shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Ka yi mini ƙorafi cewa Google ya ƙi barin sababbin masu asusun kansu su saki manhaja a Play Store sai mutum 12 sun gwada ta kwana 14 a jere. Ka ce wahala ce. Ni kuwa da na ji, dariya na yi, domin abin da na kasa sa ka yi ne wani kamfani a Amurka ya tilasta maka. Dala 25 ɗin rajista ka riga ka biya, sau ɗaya ne kuma. Maganar Apple da dala 99 ɗinsa ta kowace shekara ka ajiye ta tukuna. Ka zaga Kwari ka ga abin da ke hannun yaran shago: Tecno ne da itel da Infinix, da yawa gilashin a fashe, ma'ajiyar a cike da hotunan atamfa.

Mutum 12 ɗin na riga na haɗa maka. Kawunka da yaransa biyu, maƙwabtansa uku a layi, Gwaggonka mai sayar da kayan ɗaki a gida, sauran kuma abokaina ne na majalisa masu shaguna. Sharaɗina ɗaya: ba za ka tura musu ta WhatsApp ka koma ka zauna ba. Ka zo da ƙafarka, ka zauna a benci a shagon Kawunka kwana uku, bakinka a rufe, idonka a buɗe. Zuwa da kai ya fi aike.

Za ka ga abubuwan da babu na'urar da za ta gaya maka. Kawunka ba ya son rubutu a waya, saƙon murya yake turawa, to me zai hana ya iya ajiye bayanin bashi da murya? A can cikin kasuwa sabis yana ɗaukewa, manhajar da sai da intanet take buɗewa ta mutu tun kafin a fara. Ba da lamba kawai suke lissafi ba, da yadi ne da turmi da bandir. Bashi ba a biyansa gaba ɗaya, ana kawo wani abu yau, a ƙara ɗaukar kaya gobe, wani lokaci ma a biya da kaya. Waya ɗaya maigida da yaro suke amfani da ita, amma akwai shafin da maigida ba ya so yaro ya gani. Sannan ga wani ƙaramin abu: yau zai rubuta Ɗambatta da ƙugiya, gobe yaronsa ya nemi Dambatta babu ƙugiya. In manhajarka ta ce babu, sun koma littafi mai bango ja ke nan, ba kuma za su gaya maka dalili ba, don kada ka ji babu daɗi.

Kana yawan ambaton kamfanin Paystack. Ka duba da kyau. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun fara a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Kowa kuɗin yake ji. Ni abin da nake gani shi ne shekara biyar a kan matsala ɗaya tak, yadda ɗan kasuwa zai karɓi kuɗi ta intanet.

Bidiyo ban ce ka daina ba. Sai dai ka san ma'auninsa. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 ta kallo cikin wata 12, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Tallan da ake nuna wa masu kallo a nan ma bai kai na Turai da Amurka daraja ba. Labarin sabon kayan aiki kuwa dubban mutane ne suke ba da shi rana ɗaya, mako na zagayowa ya tsufa. Amma wa ke nuna yadda aka ƙera manhaja da Hausa aka kai ta Kwari, ta faɗi, aka gyara? Wannan kai kaɗai ke da shi. Ka ɗauki abin da ka yi, har da inda ka yi kuskure. Kuma ka tuna gidan haya kake zaune: an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu sana'a a kansa suka wayi gari ba rumfa. Lambobin wayar masu amfani da manhajarka, waɗanda suka ba ka da yardarsu, su ne naka.

In wani kamfani ya ba ka kayansa kyauta ko ya biya ka don ka yaba, ka faɗa a cikin bidiyon. Kada kuma ka nuna wa yaran mutane kuɗin da ba ka samu ba.

Littafin bashi asirin mutum ne. Akwai mai babbar riga a sahun gaba wanda sunansa ke cikin littafin Kawunka shekara biyu, babu wanda ya sani sai su biyu da Allah. Ka ga abin da wasu manhajojin bayar da rance suka yi a ƙasar nan, suna kwashe lambobin wayar mutum suna tura wa danginsa da surukansa saƙon tozarci. Akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a 2023, ka karanta ta, amma tun kafin doka akwai amana. Kada ka kwafi sunayen mutane da basussukansu ka zuba wa wata na'ura don ta taya ka gyara kuskure. Ka kuma yi tanadin ranar da za a sace wayar Kawunka a cikin adaidaita, yadda lissafinsa zai dawo.

Aikin kwantiragin da kake yi wa mutanen ofishin nan kada ka sake shi tukuna, shi ke biyan haya. Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka me ya sa take ganinka a kan WhatsApp ƙarfe uku na dare, sannan in ta kira bayan Asuba waya tana ta ringin. Na ce mata zan tambaya, ga shi na tambaya. Amsar ka ba ta da kanka.

Kawunka zai yi tafiya bayan sati uku, ka zo kafin nan. Ka taho da laftop ɗinka da cajarta, akwai sola a shagon. Ɗakinka an share, sai dai ƙanenka ya mayar da teburinka wurin guga, zan sa ya kwashe. In ka tsayar da rana ka gaya mini da wuri don in sanar da mutanen majalisa su zo da wayoyinsu a cike da caji.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa aikin hannunka albarka.

Mahaifinka.