Wasiƙa ga ɗana kafin ya hau teku daga Las Palmas

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka na cewa za ka ƙetare tekun Atilantika a ƙaramin jirgin ruwa mai ƙyalle, wanda iska ke turawa, ya iso ranar Talata, kuma tun daga ranar mahaifiyarka ba ta yi barcin kirki ba. Ta ce in hana ka. Na yi kwana biyu ina juya maganar, kuma ba zan hana ka ba, na sa maka albarka. Sai dai akwai kalma ɗaya a saƙon da ta tsaya mini a rai. Ka ce a matsayin baƙo za ka shiga jirgin. Ɗana, baƙuncinka zai ƙare ne a daidai lokacin da aka kwance igiya daga bakin tasha. Ku biyar ne a jirgin da bai wuce mita 13 ba. In ka ɗauki kanka baƙo, wani ne zai ɗauki kayanka a kan nasa.

Las Palmas, tashar nan ta tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, na san ta. Jiragen kayan da na yi aiki a cikinsu, in mun taso daga Apapa za mu Ingila, can muke tsayawa shan mai. Daga nan zuwa tsibirin Sen Lusiya da ke yankin Karebiyan, inda za ku, mil 2,700 ne na teku, wajen kilomita 5,000. Ka ƙiyasta Kano zuwa Legas sau biyar, ba tasha, ba gari, ba inda za ka ce a sauke ka. Ayarin da za ku bi, wanda ake kira ARC, tun 1986 ake yin sa, kuma a ƙarshen Nuwamba yake tashi saboda lokacin guguwar Atilantika ta kusa wucewa, iskar arewa maso gabas kuma ta fara kankama, ita za ta riƙa tura ku ta baya. Jirage fiye da ɗari za ku fita tare, da kiɗa da ɗaga hannu. Kada yawan ya ruɗe ka. Kwana biyu ko uku, za ka duba gabas da yamma ba ka ga kowa ba, haka kuma za a yi ta tafiya har kusan mako uku.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda shi ne gadin dare. Za a raba muku sa'o'i, uku ko huɗu kowa, dare da rana. In naka ya zo ƙarfe biyu na dare, mutum huɗu za su kwanta a ƙarƙashin ƙafarka su rufe ido, saboda sun yarda naka a buɗe yake. Amana ke nan, irin wadda za a tambaye ka a kanta.

Bari in ba ka labarin wani dare. Mun wuce Dakar muna yin arewa, ni ke tsaye a gefen ɗakin tuƙi ina duba gaba. Babu wata, ruwa baƙi ƙirin. Sai na hangi wata 'yar fitila tana bayyana tana ɓacewa tsakanin raƙuman ruwa, kamar wutar aci-bal-bal a iska. Na'urar rada ba ta nuna komai ba. Na yi wa hafsan da ke bakin aiki magana, aka karya kan jirgi, muka wuce ta gefen wani ƙaramin jirgi har ina ganin farin ƙyallensa a hasken fitilunmu. Ba wanda ya motsa a cikinsa. Mai gadinsu barci yake yi, ko ya sauka ƙasa shan shayi. Har yau ba su san abin da ya wuce su ba a daren nan. Babban jirgi ba mota ba ne, ba ya tsayawa nan take, kuma tsakanin ka hango fitilarsa da ya iso kanka bai fi minti ashirin ba in yana gudu. Saboda haka duk bayan minti goma ka miƙe, ka juya ka dubi kowace kusurwa, har bayan ƙyallen jirgin inda yake tare maka gani. Ka ajiye waya, haskenta yana kashe ido a duhu. Ka fito minti biyar kafin lokacinka, don wanda za ka karɓa ya gaji, yana ƙirga mintocin.

In ka ga abin da ba ka gane ba, fitila ce, ko baƙin hadari da ya taso ta baya, ko wata ƙara da jirgin bai saba yi ba, ka tashi kyaftin. Na san halinka, kana da kunya da kawaici, mu muka koya maka, kuma a gida ado ne. A teku wannan kawaicin yana iya kashe mutane. Kyaftin na ƙwarai ya fi son a tashe shi sau goma a banza da a bar shi sau ɗaya yana barci. In kuma ya ba da umarni, ka aikata tukuna, tambaya ta biyo baya in ruwa ya lafa.

Na san ka iya ruwa. Ka manta da wannan. Wanda ya faɗa teku da dare, jirgi yana gudu da iska a bayansa, kafin a sauke ƙyalle a juyo kansa ya zama ɗan ɗigo a cikin duhu, kuma tsakiyar tekun nan jirgi mai saukar ungulu ba ya kai wa. Rigar ceto a jikinka duk lokacin da kake sama, igiyarta kuma a maƙale da jirgi tun kafin ka gama fitowa daga ƙofa. Hannu ɗaya na aiki, ɗaya na riƙo. Kada ka taɓa tsayawa a gefe don yin fitsari, komai lafawar ruwa, ka sauka bayi. Ka kuma kula da doguwar sandar da ke riƙe da gindin babban ƙyalle. In iska ta kewayo ta bayanta, takan waiwayo da ƙarfin da zai fasa kai. Ka tambayi kyaftin tun ranar farko inda ba a tsayawa.

Kwana biyu ko uku na farko zuciyarka za ta tashi. Na ga ƙarti masu shekaru a ruwa suna amai, don haka ba abin kunya ba ne. Ka sha maganin tun kafin a fita, bayan ka gwada shi a tudu ka ga ko yana sa ka barci. Ka zauna a sama, idonka a inda sama ta haɗu da ruwa, ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ko ba ka so. Mahaifiyarka ta aiko maka da busasshiyar citta da dabino, ka riƙa tsotsa. In jiri ya kai ba za ka iya gadi ba, ka faɗa. In ka ɓata wani abu, ko ka bar famfo a buɗe ruwan sha ya zube, ka faɗa a take.

Ruwan daɗi a jirgi ƙididdigagge ne, kada ka yi alwala da shi. An taɓa tambayar Manzon Allah (SAW) wannan matsala, mutanen suka ce suna hawa teku da ruwa kaɗan, ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Sai dai ka bari a nuna maka yadda ake ɗibarsa, don guga a jirgi mai gudu tana iya fizgar mutum. Kai matafiyi ne, ka yi ƙasaru. In tsayuwa ba ta yiwu ba ka yi a zaune. Tunda yamma kuka nufa, alƙibla za ta kasance wajen bayan jirgi. Kada ka bi agogo wajen lokaci, tsakanin inda kuka tashi da inda za ku akwai tazarar awa huɗu, rana za ka riƙa duba. Maganar naman alade da giya kuwa, ka gaya musu cikin sakin fuska tun kafin a shiga kasuwa sayen guzuri, kada sai an ɗora tukunya a tsakiyar teku. In ranar girkinka ta zo ka yi musu dafa-duka da yajin gida, ka wanke kwanuka ba sai an ce maka ba.

Kafin ka zuba kayanka a jirgin, ka je ka gan shi da idonka. Ka ce a nuna maka kwalekwalen ceto da ranar da aka duba shi, da na'urar da ke aika kiran gaggawa ta tauraron ɗan'adam, da akwatin magani. Ka tambayi mai jirgin sau nawa ya yi doguwar tafiya irin wannan. In ya ji haushin tambayar, ka ɗauki jakarka ka dawo, ni zan biya maka kuɗin jirgin sama. Ku gama maganar kuɗi tun a tudu, nawa ne rabonka na abinci da mai da kuɗin tasha. Da fasfon Najeriya kake tafiya, don haka ka bincika da kanka abin da Sen Lusiya ke buƙata, da kuma izininka na komawa Sifaniya, ka riƙe tikitin dawowa a hannu. Kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko na wane ne.

Jaka mai laushi za ka ɗauka, akwati ba shi da wurin zama. Ka sa rigar sanyi, daren farko-farko akwai ɗari.

In ka sa ƙafa a jirgin ka karanta Bismillahi majreha wa mursaha, addu'ar Annabi Nuhu. An ce ana iya bin sawun jiragen ayarin a intanet, ka turo wa ƙanwarka sunan naku ta riƙa nuna wa mahaifiyarka kowace safiya. Ka kuma kira ta da bakinka a daren da za ku tashi, ka bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta, kada ka katse ta.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.