Zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Direban da ke kai muku albasa ne zai miƙa maka wannan takarda, don Allah ka ba shi ruwa ya sha, kada ka nuna masa halinku na Zagezagi.

An ce kana ta cigiyata a guruf, wai na ɓace. Ina nan lafiya lau. Tun bayan ƙaramar Sallah na kai babbar wayata Farm Centre na sayar, na sayi 'yar ƙarama mai tocila. Talabijin kuma ta bi ƙanwar uwargida ranar da aka yi mata jere. Na san za ka ce tsadar data ce ta kore ni, tunda an yi ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Akwai wannan. Amma yaran ne suka fi tsaya mini a rai. Sai a kira sallar magariba babu mai motsi, tuwo ya huce a kwano, auta ya yi barci da wayata a ƙirji.

Da farko an sha kuka, takwaranka har yajin cin abinci ya yi. Yanzu kuwa da an idar da isha'i su da kansu ke jawo tabarma tsakar gida. Inna ta gyara zama ta ce ga ta nan ga ta nanku, auta ya rigayi kowa amsawa, ta zo mu ji ta. Ashe duk shekarun nan Gizo da Ƙoƙi suna bakinta, mai saurare ta rasa. Har fuskarta ta sake, wallahi. Labarai kuma rediyo ya wadatar: BBC da ƙarfe 6:30 na safe ina shan koko, da dare Inda Ranka a Freedom.

To, ga abin da ya hana ni barci. Malaminmu na allo ya rasu, ban ji ba sai bayan sadakar uku. A guruf aka sanar, aka yi ta jero addu'o'i, kowa ya ɗauka na gani. Tsakanina da gidansa tafiyar Adaidaita ɗaya ce, amma babu wanda ya tuna ya buga mini ko ya aiko yaro. Mutumin da ya kama hannuna ya koya mini riƙe alƙalami, a ce ban ɗauki makararsa ba! Da na je ta'aziyya babban ɗansa bai ce komai ba, ni kuma na kasa haɗa ido da shi. Allah ya jiƙan Malam. Duk da haka ba zan koma wa babbar waya ba. Da ai ƙafa da ƙafa ake zuwa a gaya wa mutum rasuwa, har a rediyo a sanar, yaushe muka bar wa guruf wannan?

Af, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure, 'yar Kurna ya ɗauko, har ya sa sola a rumfa yana cajin waya. Dara kuma ta dawo ƙofar gidana, Kawu yana tambaya ko har yanzu kana satar ɗa in an juya baya.

Ka riƙe lambar da na rubuta a bayan takardar. Duk abin da ka gani a guruf na rasuwa ko haihuwa, ka kira ni, ko tsakar dare ne. Ka gaida maman yara, ka aiko da manja ta hannun direban.

Naka har kullum,
amininka na Gwammaja